Tawa Ce

Ranar da labari ya zo cewa za a sa wa filin besbol na Santa Rufina sunan Don Fulgencio Almánzar, yana zaune a gaban kantin Chepe yana shan kashi a domino. Ya kife 'ya'yan dominonsa a kan tebur, ya gyara sarƙar zinaren da ke wuyansa, ya ce shi bai yi mamaki ba, abin da ya ba shi mamaki shi ne daɗewar da aka yi. Abokan wasansa suka tashi suna taya shi murna, ɗayansu ya yi amfani da damar ya leƙa abin da ya kife.

Shekarunsa sittin da biyu a lokacin, gwiwa ɗaya ta ƙarfe, tumbi yana riga shi shiga ɗaki. Amma a zamaninsa, a faɗi gaskiya, an yi ɗan wasa. Shi ke tsaron tsakiyar bayan fili, can nesa inda ƙwallon da aka maka sama take sauka, kuma in ta tashi sai ka rantse ta raɗa masa inda za ta faɗi. Shaho ake ce masa. Yana ɗan shekara ashirin da biyu Amurkawa suka ɗauke shi, ya yi shekara goma sha ɗaya a can. Abin da ba ya so a tono shi ne yadda aka raba shekarun. Goma da wata goma a ƙananan ƙungiyoyi ya yi su, yana gararamba a bas daga wannan ƙauye mai sanyi zuwa wancan. Babbar gasar kuwa wasa goma sha tara ya buga mata, sandarsa ta sami ƙwallo sau uku. Ukun nan sun hayayyafa a gaban kantin Chepe, bara sun kai arba'in da ɗoriya, biyu daga ciki har sun tsallake katanga sun fasa gilashin motar wani attajiri.

Mu kuma ba mu taɓa gyara masa lissafi ba. Garinmu gari ne na rake da sauro, masana'antar sukarin ma ta daɗe da rufewa. In baƙo ya tambaye mu me muke da shi, Shaho muke nuna masa.

Akwai ƙwallo ɗaya dai da ba ya ƙara wa labarinta gishiri. Yadda ya faɗe shi ranar farko haka yake maimaita shi, kalma ɗaya ba ta gocewa. Da mu masu lura ne, da wannan kaɗai ya ishe mu.

Wasan ƙarshe ne na gasar lardi, shekara arba'in da suka wuce, tsakanin Zakarun Santa Rufina da 'yan ƙetaren kogi, a filinmu, ranar Lahadi da yamma. Zagaye na ƙarshe, muna gaba da maki ɗaya, saura mutum ɗaya mu fitar mu ɗauki kofi, su kuma suna da mutum biyu a hanya suna jiran su ruga su ci. Aka maka ƙwallo sama. In an cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, wasa ya ƙare. Ta nufi tsakanin Shaho da mai tsaron hagu, Eleuterio Pimentel, wanda ake kira Telo.

Masu tsaron bayan fili suna da doka guda, wadda ake koya wa mutum tun yana buga murfin kwalba da sandar tsintsiya a lungu. In ƙwallo ta shiga tsakanin mutum biyu, kowa idonsa na sama, ba mai ganin ɗan uwansa, to wanda zai kama sai ya ɗaga murya ya ce, "Tawa ce." Ɗayan kuma dole ya kauce, ko da a tafin hannunsa take shirin sauka. Wanda ya ce tasa ce ya ɗauki alkawari, in ta faɗi ƙasa a wuyansa ta faɗi.

Ta faɗi ƙasa, a kan ciyawa, daidai tsakaninsu. Mutum biyun nan suka ci, kofi ya haye kogi, har yau bai dawo ba.

Fulgencio ne ya ce tasa ce. Da ƙarfi ya faɗa, har sau biyu. Sai dai takardar Amurkawa tana aljihun wandonsa a ɗakin sa kaya, ranar Talata zai hau jirgi, kuma yana cikin gudu ya ji takun Telo ta hagunsa, Telo kuwa ƙato ne, ƙasa tana amsa tafiyarsa. Fulgencio ya tuna kafaɗarsa, ya tuna jirgi, ya taka birki. Telo tuni ya kauce kamar yadda doka ta ce. Ganguna da ƙaho sun cika rumfar 'yan kallo, ba wanda ya ji komai daga can.

Mai kawo labarin wasa a rediyo ya tare su a bakin ƙofa. Ya fara miƙa wa Telo abin magana. Telo mai in'ina ne tun yana yaro, irin wadda take cafke kalma a maƙogwaro ta riƙe har jijiyar wuya ta tashi. Ya buɗe baki, ya runtse ido, ya yi ta kokawa da harafin farko. Mai rediyo ba shi da lokacin jira, ya juya wurin Shaho. Shaho ya sunkuyar da kai irin na mai jin nauyin tona asirin aboki, ya ce, "Telo ya ce tasa ce, na bar masa. Amma kada a ga laifinsa, rana ce ta shiga idonsa."

Wannan "kada a ga laifinsa" ita ta gama da Telo. Shaho har yabo ya sha a kanta, aka ce ga yaro mai tarbiyya, ga rufa wa aboki asiri. Ranar Talata ya hau jirginsa. Telo bai sake buga wa Zakaru wasa ba. Sunansa ya ɓace, aka koma ce masa Tawa-ce, jikokinmu ma da shi suka san shi. In tela ya saɓa alkawari, ko saurayi ya gudu ana gobe ɗaurin aure, sai a ce ya yi irin ta Telo. Aikin da ya samu shi ne kula da filin, yana yanke ciyawa yana zuba farar ƙasa a layi. Shekara arba'in yana bi da injin yankan ciyawa ta kan wurin da ƙwallon nan ta faɗi, sau biyu a mako.

Duk garin nan mun san Telo da yatsa yake nuna burodi a kanti. Mun san a fili fito yake yi da baki in zai kama ƙwallo, don kalma ba ta fito masa a kan lokaci. Mun sani sarai. Wani mai tsaurin ido ya taɓa tayar da zancen a gaban kantin Chepe, Shaho ya ce ai mai in'ina in ya firgita harshensa sakuwa yake yi, wani babban likita ne ya gaya masa a Amurka. Muka ce ashe, aka ci gaba da domino. Ya fi mana sauƙi mai yankan ciyawa ya zubar da kofi a kan a ce mutumin da muke nuna wa baƙi ne.

Kada a ce Fulgencio ba shi da zuciya. Yana da ita, kuma tana damunsa kusan sau ɗaya a shekara. Da ya dawo daga Amurka ya sa Telo ya zama uban baftismar 'yarsa, suka koma kiran juna kompadre. Duk Kirsimeti yana aika masa cinyar alade gasasshiya. Da cinyar nan yake samun barcin shekara guda.

Saura kwana biyar bikin sa wa filin suna, magajiyar gari, Doña Nurys Encarnación, ta zo gidansa da kanta. Zaɓe ya ƙarato, ta fara tuna hanyoyin gidajen mutane. Matar Fulgencio, Doña Casilda, ta kawo musu kofi mai zafi a baranda, ta koma bakin ƙofa ta tsaya tana tsince shinkafa a tire.

Magajiya ta ce, "Don Fulgencio, jawabi kaɗai ba ya tara mutane. Na gayyato 'yan talabijin daga babban birni, dole a ba su abin ɗauka. Ga abin da na tsara. Kai a tsakiya, Telo a hagu, cikin tsofaffin rigunanku. Koci ya maka ƙwallo tsakaninku. Telo ya ce tasa ce, kamar yadda ya faɗa ranar. Sai a wannan karon ka ƙi saurarensa, ka cafe abarka. Shi ke nan mun gyara tarihi. Ku rungumi juna, a yaye zanen da ke kan allon sunanka, makaɗa su ɗauka."

Fulgencio ya ce, "Ranki ya daɗe, gwiwata fa."

"Ba gudu za ka yi ba. A tafin hannu za a ajiye maka ita."

"To Telo fa? Bawan Allah ne, kada mu fama masa tsohon ciwo a gaban jama'a."

"Na riga na yi masa magana. Ya gyaɗa kai."

"Kai kawai ya gyaɗa?"

"To me kake so ya yi, ya karanta mini wasiƙa? Kai dai kullum tausayin mutumin nan, shi ya sa ake sonka." Ta shanye kofinta, ta yaba furannin Casilda, ta shiga mota.

Casilda ba ta ɗaga kai daga tiren ba ta ce, "Wa zai firgita shi ranar, don harshen ya saku? Ko in zo da maciji a jaka?"

"Ban gane ba."

"Ka gane mana. Ni a kan katangar baya nake zaune ranar, Fulgencio, ban da kuɗin tikiti, kuma ina so in gan ka kusa. Kunnuwana biyu, duka suna aiki."

Ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. "Shekara arba'in, ba ki taɓa cewa komai ba."

"Kai ma ba ka ce ba. Ni dai ba ni na ce tawa ce ba." Ta jefar da ɗan dutse daga cikin shinkafar. "Ban da haka na aure ka, ai na sha nawa hukuncin."

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda rabonsa da shi tun ranar da aka kira shi ofis a Amurka aka ce ya kwashe kayansa. Ba allon kaɗai ba ne. In labarin nan ya fashe, ba shi da wurin zama a gaban kantin Chepe, kuma ban da wurin nan bai san inda zai je ya zama Shaho ba.

Washegari da safe ya sayi kwalbar giyar rake mai tsada, ya hau acaɓa zuwa filin. Ya sami Telo yana tura ɗan keken zuba farar ƙasa, ya ja igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan yana bin ta. Furfura ta cinye kansa, amma faɗin kafaɗar yana nan. A saman ƙofar shiga ga allon, an naɗe shi da shuɗin zane.

Fulgencio ya ajiye kwalbar a kan benci, ya ce, "Kompadre, rana ta yi maka yawa. Mutum mai shekarunmu ai sai hutu. Ranar Lahadin nan in ka ce zazzaɓi ya kama ka, ba mai ganin laifinka."

Telo ya tsayar da keken. Ya runtse ido, jijiyar wuyansa ta tashi. Fulgencio, kamar kowa a garin nan, ya saba ƙarasa masa magana, amma yau bai san inda ta nufa ba, dole ya jira.

"K-k-ka t-taɓa f-faɗin haka."

Fulgencio ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "To bari zancen zazzaɓi. Ka zo, amma ba sai ka wahalar da kanka da magana ba. Ka yi fito kawai, kamar yadda ka saba yi a..."

Ya tsaya. Telo yana kallonsa, ba fushi a fuskarsa, ba murmushi, kallon da yake yi wa ciyawa kafin ya yanke ta.

Fulgencio ya yi sauri ya ce, "Ka ga, zan sa magajiya ta rubuta sunanka a rumfar hagu. Da manyan baƙaƙe. Ko a tankin ruwa, ya ma fi tsawo, daga titi ake hango shi."

"M-m-magajiya ta ce in f-f-faɗi ab-bin da na f-faɗa r-ranar."

"To?"

"Z-z-zan g-gwada."

Ya kama kekensa ya ci gaba. Layin da ya ja ya miƙe sambal har ƙarshen fili. Kwalbar tana kan benci lokacin da Fulgencio ya fita, ranar Lahadi ma a nan ya gan ta, ba a buɗe ba.

A hanyar komawa ya yanke shawarar faɗin gaskiya. Zai karɓi abin magana ranar biki, ya ce jama'a, ni ne. Har ya hango yadda mata za su share hawaye, a ce ga dattijo mai tsoron Allah, wataƙila ma a ƙara girman allon. Shawarar ta raka shi tun daga filin har kwanar kantin Chepe. A nan wani ya ɗaga masa hannu ya ce, "Shaho, mai fili guda," aka jawo masa kujera, aka sa masa kwalba mai sanyi a gaba. Kafin a raba domino ya riga ya canza dabara. Ranar ai za a yi kiɗa da ihu kamar wancan karon. Ƙwallo na tashi zai cafe ta, ko Telo ya ce wani abu ko bai ce ba, wa zai ji?

Ranar Lahadi ƙarfe uku filin ya cika har kan katanga. Masu soyayyar ayaba da tsiren kaji sun kafa teburansu, limamin coci ya yayyafa wa allon ruwa ta saman zanen. Rigar Shaho mai lamba goma sha bakwai ta ƙi haɗuwa a ciki, Casilda ta ƙara mata ƙyalle a baya da wani yadi da bai yi kalar ba. Ta Telo ta shige shi kamar jiya aka ɗinka.

Sai ga wata budurwa daga cikin 'yan talabijin ta zo ta maƙala wa kowannensu ɗan abin magana a wuyan riga, ta ce an haɗa shi da lasifikokin fili. Ta ce wa Fulgencio, "Kawu, kada ka motsa sai ya faɗi kalmar, in ba haka ba hoton ba zai ba da ma'ana ba." Magajiya kuma ta hau mumbari ta roƙi makaɗa su dakata, jama'a su yi tsit, domin yau kowa ya ji da kunnensa abin da kiɗa ya hana iyayenmu ji.

Fulgencio ya taka zuwa tsakiyar bayan fili, gumi yana bin ƙyallen da aka ƙara masa. Numfashinsa ma ana jin sa a lasifika.

Kocin Zakaru ya jefa ƙwallo sama ya maka mata sanda. Ta tashi, ta yi lilo, ta nufo tsakaninsu. Lasifika ta ɗauko muryar Telo: "T-t-t-t-t..." Ƙwallo ta sauko, ta bugi ciyawa, ta yi tsalle biyu, ta gangara har gindin katanga ta kwanta. "T-t-ta... t-tawa ce."

Filin ya kece da dariya. Mun yi dariya har da riƙe ciki, kada wani ya ce bai yi ba. Shekara arba'in muna yi wa mutumin nan dariya, ba mu taɓa samunta da lasifika ba sai ranar.

Magajiya ta share hawayen dariya ta ce a sake, koci ya ƙara mata tsawo. Koci ya tattara ƙarfinsa ya aika ta sama har sai da mutane suka kare ido da hannu. Telo bai yi wasa da aikin ba. Kowa ya ga yadda ya dage, ya dunƙule hannu, wuyansa ya kumbura, yana turo kalmar nan da dukan jikinsa. Ƙwallo ta sake riga shi. Dariyar wannan karon ba ta kai rabin ta farko ba, kuma ta mutu da wuri. Wani tsoho a rumfar hagu, wanda ya yi aikin awon rake a masana'anta, ya duba agogonsa ya ce wa na kusa da shi ƙwallon daƙiƙa shida ta yi a sama, Telo kuwa sha uku ya ci.

Cikin shirun nan wata mai soyayyar ayaba ta tambaya, ba da wata manufa ba, da muryarta ta talla: "To shi ranar yaya aka yi ya faɗa?"

Fulgencio ya ji idanun filin gaba ɗaya sun baro Telo sun dawo kansa. Magajiya ta dubi 'yan talabijin, ta dubi allonta, ta ce, "A sake, na ƙarshe."

Fulgencio ya ce a ransa wannan karon ba zai jira kowa ba. Zai cafe ta, ya ɗaga ta sama, makaɗa su ɗauka, ihu ya binne tambayar matar nan. Cafa ɗaya ce tsakaninsa da allon.

Koci ya buga. Kyakkyawar ƙwallo ce, irin wadda mai tsaron baya yake mafarki, ta hau sama a miƙe ta tsaya kamar tana jiransa. Abin mamaki, jikinsa ya tuna. Tumbin ya ɓace masa, gwiwar ƙarfe ta yi shiru, ƙafafunsa suka ɗauke shi zuwa hagu, idonsa na sama, hannunsa ya buɗe. Daɗi ya cika shi, daɗin da ya manta akwai shi. Ya san inda za ta sauka, ya san ya isa. Kuma bakin da ya yi shekara ashirin yana aiki ɗaya a duk lokacin da ƙwallo ta shiga tsakani, bai nemi izininsa ba.

"Tawa ce! Tawa ce!"

Lasifika huɗu suka kwashe ta suka watsa har ƙetaren kogi. A daidai lokacin ya ji taku mai nauyi ta hagunsa, ƙasa tana amsawa. Kafaɗarsa ta noƙe da kanta, dugadugansa suka tone ciyawa. Telo, wanda ya taho ne kawai don rungumar da aka tsara, tuni ya kauce gefe kamar yadda doka ta ce.

Ƙwallo ta faɗi tsakaninsu. In an auna, bai fi taku ɗaya ba daga inda waccan ta faɗi.

Daga baya kowa a Santa Rufina ya ce shi ma yana kan katangar baya shekara arba'in da suka wuce, ya ji muryar nan da kunnensa, kawaici ne ya sa bai faɗa ba. Katangar da ba ta ɗaukar mutum ashirin, yanzu ta ɗauki rabin gari, har da waɗanda ba a haifa ba a lokacin. Amma a ranar magajiya tana riƙe da igiyar zanen allo, ta rasa ja za ta yi ko saki. Casilda tana zaune a layin gaba da jakarta a cinya, ita kaɗai ce ba ta yi mamaki ba.

Fulgencio ya tsaya da safar hannunsa ta kamun ƙwallo a buɗe, ba komai a ciki. Ya so ya ce rana ce ta shiga idonsa, amma ranar tana bayansa, kowa yana ganin inuwarsa a gabansa. Kunya ta rufe shi. Bai taɓa sanin tana da nauyi haka ba, domin wani ne ya yi ta ɗaukar masa ita.

Telo ya sunkuya ya ɗauki ƙwallon. Ya goge mata ciyawa a jikin wandonsa, ya tako a hankali, ya sa ta cikin safar hannun Shaho, ya naɗe masa yatsu a kanta. Sannan ya runtse ido, jijiyar wuyansa ta tashi. Mutum dubu biyu suka jira. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya ƙarasa masa, karo na farko ke nan da garin nan ya tsaya har Telo ya kai ƙarshen magana.

"T-t-t-taka ce, k-kompadre. H-har da s-s-sunan da ake k-kirana."

Ya cire ɗan abin maganar daga wuyan rigarsa, ya miƙa wa budurwar talabijin. Sannan ya koma ya daddanne ciyawar da dugadugan Shaho suka tone, domin washegari akwai wasa.